LIYAFA A PARIS: ABIN DA TAURARIN MICHELIN BA SU FAƊA WA BAƘO

A bakin kogin Seine, cikin birnin Paris, akwai wani tsohon gidan abinci mai suna La Tour d'Argent, watau Hasumiyar Azurfa. Masu gidan sun ce tun shekarar 1582 a ke dafa abinci a wurin. Ɗakin cin abincin yana can saman bene, inda duk wanda ya zauna kusa da taga zai riƙa hangen jiragen ruwa suna wucewa, ga kuma babbar majami'ar nan ta Notre-Dame a gabansa. Abin da ya fi ɗaukaka sunan gidan kuwa shi ne agwagwa. Tun daga 1890, kowace agwagwa aka dafa a gidan sai an ba ta lamba, a rubuta lambar a jikin kati a miƙa wa wanda ya ci, ya tafi da shi gida ya nuna wa 'yan'uwa. Cikin shekarar 2003 aka ci agwagwa ta miliyan ɗaya.

Duk wanda ya ji wannan labari, in yana da wata murna da ya ke so ya yi a Paris, zai ce ai ya sami wurin zuwa. To, amma akwai abin da ba a rubuta a jikin katin ba. Irin wannan agwagwa ba yanka ta a ke yi ba, shaƙe ta a ke yi domin jinin ya zauna a jikinta. In an gasa ta sama-sama an yanke tsokar, sai a zuba sauran ƙasusuwan cikin wata na'ura a matse jinin, a haɗa shi da barasa a yi miyar da za a zuba a kan naman. Ga Bafaranshe wannan gwaninta ce da ya gada kaka da kakanni. Ga Musulmi kuwa, mushe ne da jini da giya suka haɗu a faranti guda, sa'an nan kuma ya biya su da tsada.

Wannan misali ya isa ya nuna cewa zaɓen babban gidan abinci a ƙasar Faransa ba abin da za a yi da ka ba ne. Mutanen Nijeriya da na Jamhuriyar Nijar suna zuwa Paris kullum, wasu fatauci, wasu taro, wasu karatu, wasu neman magani. A cikinsu ba a rasa wanda wata rana zai so ya yi liyafa ta musamman, ko don 'yarsa ta gama jami'a, ko don shi da maiɗakinsa sun cika shekara ashirin da aure, ko kuwa don an ƙulla wani babban ciniki yana so ya karrama abokan hulɗarsa. A irin wannan rana abu uku ne ke kan gaba: kuɗinsa, da mutuncinsa a idon baƙinsa, da kuma abin da addininsa ya halatta masa.

YADDA FARANSAWA SUKA ƊAUKI CIN ABINCI

Kafin a shiga maganar zaɓe, ya kamata mai karatu ya san matsayin abinci a wurin waɗannan mutane. Ita kanta kalmar "restaurant" da duniya ta ara, a Paris aka haife ta. Asalinta sunan wani romo ne da a ke sayarwa wajen shekarar 1765, wanda a ke cewa yana maido wa mai rauni ƙarfinsa. Sannu a hankali sunan romon ya koma kan gidajen da ke sayar da shi. Cikin 1782 wani mai suna Antoine Beauvilliers ya buɗe gidan da a ke ɗauka shi ne babban gidan abinci na farko a birnin, mai tebura a jere, da ma'aikata cikin tufafi masu tsabta, da jerin abinci a rubuce. Bayan juyin mulkin 1789, sa'ad da sarauta ta rushe, da yawa daga cikin masu yi wa sarakuna da hakimai girki suka koma dafa wa duk wanda ke da kuɗin biya.

Daga baya Auguste Escoffier, wanda ya fid da shahararren littafinsa na girki cikin 1903, ya tsara aikin kicin kamar na soja: wannan nasa miya, wannan kifi, wannan gashi, wannan kayan zaƙi, duk a ƙarƙashin babban kuku guda. Har yau a kan wannan tsari manyan gidajen ke tafiya. Cikin shekarar 2010 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa liyafar Faransawa cikin jerin al'adun gado na duniya. Yadda aka bayyana ta, a kan fara da abin sha, sa'an nan a ci aƙalla abu huɗu bi da bi, watau abin buɗe ciki, da kifi ko nama tare da ganye, da cuku, da kayan zaƙi, kana a rufe da wani abin sha.

Saboda haka wanda ya shiga irin wannan gida kada ya sa ran za a ɗibga masa tulin abinci a faranti ɗaya ya ci ya tashi. Kaɗan-kaɗan a ke kawowa, wani lokaci faranti takwas ko goma, kuma zaman ya kan ci awa uku ko fiye.

LITTAFIN MASU TAYA

Duk wanda ya tambayi Bafaranshe ina ne gidan abinci mai kyau, da wuya su rabu bai ambaci Michelin ba. Direbobi da makanikai a nan sun san wannan suna a jikin taya, kuma kamfanin ya taɓa kafa masana'anta a Fatakwal. To, shi ne dai. Wasu 'yan'uwa biyu, André da Édouard Michelin, su suka kafa shi a garin Clermont-Ferrand cikin 1889. A shekarar 1900, lokacin motocin da ke Faransa duka ba su kai 3,000 ba, suka buga wani ɗan littafi mai jan bango, kofi wajen 35,000, suka rarraba kyauta. A ciki akwai taswira, da inda za a sami mai, da makaniki, da masauki. Dabararsu ita ce in mutane suka yawaita tafiya, taya za ta cinye, su dawo su sayi sabuwa.

Cikin 1920 aka fara sayar da littafin. A 1926 aka fara sa tauraro guda a gefen sunan gidan da abincinsa ya yi fice, a 1931 kuma aka kasa darajar uku. Ma'anar taurarin, kamar yadda kamfanin ya bayyana cikin 1936, tana da nasaba da tafiya a mota. Tauraro ɗaya, gida ne mai kyau ƙwarai a ajinsa. Biyu, ya cancanci matafiyi ya ratse daga hanyarsa dominsa. Uku kuwa, ya cancanci a yi tafiya takanas saboda shi kaɗai.

Masu ba da taurarin sufetoci ne na kamfanin waɗanda ba a san fuskarsu ba. Su kan kama tebur kamar kowa, su ci, su biya, su fita ba tare da sun bayyana kansu ba. Abu biyar su ke dubawa: ingancin kayan da aka yi girkin da su, da ƙwarewar hannu wajen dafawa, da yadda ɗanɗano ya dace da juna, da yadda halin kuku ya fito a girkinsa, da kuma ɗorewa, watau abincin yau ya zama daidai da na wata shida masu zuwa. A littafin Faransa na 2024, gidaje 639 ne ke da tauraro. A cikinsu 30 kacal ke da uku, goma daga ciki a Paris.

Akwai kuma littafi na biyu da Faransawa ke girmamawa, watau Gault et Millau, wanda wasu 'yan jarida biyu, Henri Gault da Christian Millau, suka kafa. Shi maki ya ke bayarwa bisa 20, kamar malamin makaranta. Mai hankali ya kan duba duka biyun ya gwada.

ABIN DA TAURARO BA YA FAƊA

A nan ne baƙi da yawa ke yin kuskure. A cikin abubuwa biyar ɗin nan da aka lissafa babu maganar kyan ɗaki, ko fara'ar ma'aikata, ko abin da ido zai gani ta taga. Kamfanin da kansa ya sha faɗa cewa tauraro na abin da ke cikin faranti ne kurum. Ana iya samun gida mai tauraro biyu wanda ɗakinsa ƙarami ne, tebura a matse, mutum yana jin hirar maƙwabcinsa. Ana kuma iya samun gidan da ba shi da tauraro ko ɗaya, amma duk wanda ya shiga ba zai manta da shi ba.

Misalin na biyun shi ne Le Train Bleu, wanda ke cikin tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. An buɗe shi cikin 1901, bango da rufi duk ado ne na ruwan zinariya da manyan zane-zane kimanin 40 na garuruwan da jirgin ke zuwa. In dattijon da bai taɓa zuwa Turai ba ne za a karrama, mai yiwuwa irin wannan wuri ya fi faranta masa rai bisa ga gidan da za a kawo masa loma guda a tsakiyar ƙaton faranti, a tsaya ana yi masa bayaninta da Faransanci.

Su kansu shugabannin ƙasar sun san wannan. Cikin watan Yuli na 2017, da shugaba Emmanuel Macron ya so ya karrama shugaban Amurka Donald Trump, ga gidaje masu taurari uku birjik a Paris, amma sai ya kai shi Le Jules Verne, gidan abincin da ke hawa na biyu na hasumiyar Eiffel, mita 125 daga ƙasa, inda birnin duka ke shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafar mai ci. Watau ya duba abin da ranar ke bukata, sa'an nan ya zaɓi wuri.

Don haka tambaya ta farko da mai liyafa zai yi wa kansa ita ce wa za a karrama, kuma me zai faranta masa. In ciniki za a tattauna, ana bukatar wuri mai shiru, in da hali ma ƙaramin ɗaki na keɓe, wanda manyan gidaje da yawa su ke da shi. In iyali ne da yara, zaman awa uku zai gajiyar da su, gara a nemi irin gidan da a ke kira brasserie, inda abinci ya fi yawa a faranti kuma ba a damu da ɗan hayaniya ba. In kuwa mutum biyu ne masu son ɗanɗana abin da ba su taɓa ci ba, to, a nan tauraro ke da amfani sosai.

TAURARI SUNA FAƊUWA

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne tauraro ba gadon gida ba ne. Kowace shekara a ke sake lissafi. La Tour d'Argent da aka fara da labarinsa ya daɗe da taurari uku, amma ya rasa ɗaya a 1996, ya sake rasa wani a 2006. Gidan Paul Bocuse da ke kusa da birnin Lyon, wanda a ke yi wa kallon uban masu girkin Faransa na zamaninsa, ya riƙe uku tun 1965. Bocuse ya rasu cikin Janairu 2018, kuma cikin Janairu 2020 aka rage wa gidan tauraro guda, bayan shekara 55. Haka nan Guy Savoy, wanda gidansa ke Paris, ya rasa na ukunsa a 2023.

Nauyin wannan lissafi a kan masu girkin ba kaɗan ba ne. Bernard Loiseau na garin Saulieu ya sami taurari uku a 1991. A farkon 2003 Gault et Millau ya rage masa maki daga 19 zuwa 17, jita-jita kuma ta bazu cewa Michelin ma zai rage masa. Ran 24 ga Fabrairu 2003 ya kashe kansa yana da shekara 52, alhali kuwa littafin wannan shekara ya bar masa taurarinsa cif. Cikin 2017 Sébastien Bras na garin Laguiole ya roƙi kamfanin da ya cire sunansa daga littafin, ya ce ya gaji da dafa kowane faranti cikin fargabar sufeto. Marc Veyrat kuwa kotu ya kai kamfanin a 2019 saboda an rage masa tauraro, amma bai yi nasara ba.

Darasin da ke nan ga baƙo shi ne kada ya dogara da labarin wanda ya je Paris shekara goma da suka wuce. Ya duba littafin shekarar da a ke ciki, wanda a ke iya karantawa kyauta a intanet. Ya kuma bincika ko kukun da ya jawo wa gidan suna yana nan har yanzu, domin in ya tashi, sau da yawa gwanintar ta kan bi shi.

Kamar yadda wasu ke faɗuwa, haka wasu ke tasowa, har da 'ya'yan Afirka ta Yamma. Mory Sacko, wanda asalin iyayensa ƙasar Mali ne, ya buɗe gidansa MoSuke a Paris cikin 2020, ya sami tauraro a farkon 2021. Girkinsa ya haɗa na Faransa da na Afirka da na Japan. Georgiana Viou, haifaffiyar Kwatano a Jamhuriyar Benin, ta sami nata a 2023 a garin Nîmes. Wanda ke tsoron kada baƙinsa su kasa cin abin da aka kawo, zai iya samun ɗanɗanon da ya yi kusa da na gida a irin waɗannan wurare.

MAGANAR ALJIHU

Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. A 'yan shekarun nan, cikakken abincin dare a gida mai taurari uku a Paris ya kan kama daga Yuro 350 zuwa 500 ga mutum ɗaya, ban da abin sha. Wanda ya gayyaci mutum biyar, ga shi na shida, in an ɗauka kowa Yuro 400 ne, Yuro 2,400 ke nan a zama guda. Kowa ya juya wannan zuwa Naira ko Sefa zai san ba kuɗin wasa ba ne.

Amma akwai hanyoyin rage nauyi ba tare da an zubar da mutunci ba. Ta farko, a je da rana maimakon dare. Yawancin manyan gidaje suna da jerin abinci na rana wanda kuɗinsa ya yi ƙasa da na dare nesa, alhali kicin ɗaya ne, hannu ɗaya ne. A gidaje da yawa masu tauraro ɗaya ana iya cin na rana a ƙasa da Yuro 100. Ta biyu, a duba alamar da littafin ke kira Bib Gourmand, wadda aka fara cikin 1997. Hoton kan mutum-mutumin tayar nan ne yana lasar baki, kuma a kan sa wa gidan da abincinsa ke da kyau kuɗinsa kuma da sauƙi. Ta uku, a fita daga Paris. Birnin Lyon tafiyar awa biyu ce a jirgin ƙasa mai gudu, kuma Faransawa da yawa suna ganin can ne cibiyar girkin ƙasarsu. A can ne wata mata, Eugénie Brazier, ta riƙe taurari shida a gidajenta biyu tun cikin 1933.

Dokar ƙasar ma tana taimakon baƙo. Tilas ne kowane gidan abinci ya liƙa jerin abincinsa da kuɗinsu a waje, inda mai wucewa zai gani kafin ya shiga. Kuɗin da aka rubuta kuwa ya haɗa da haraji da ladan masu hidima, saboda haka tukuici ganin dama ne, ko da ya ke a manyan gidaje a kan bar wani abu in an ji daɗin hidima. Burodi da ruwan famfo kyauta ne ga mai cin abinci, sai dai in mutum ya ce "ruwa" kurum, na kwalba za a kawo masa a sa a lissafi. Mai son na kyauta sai ya ce "carafe d'eau". Haka kuma abin shan da a ke tayi da zarar an zauna ba kyauta ba ne, galibi ma giya ce.

Akwai kalmomi biyu da ke rikita baƙo. A Faransa "menu" na nufin abinci a jere mai kuɗi ƙayyadadde, "carte" kuwa ita ce takardar da mutum zai zaɓi abin da ya ke so ɗaya-ɗaya, kuma ta nan ne lissafi ya kan haura ba a ankara ba. Mai liyafar da ke son ya san abin da zai biya tun kafin a zauna, gara ya tsaya kan na farko. Sai dai ya sani, dogon jerin nan mai faranti takwas ko goma, yawancin gidaje ba su yarda wani ya ci shi wani ya ci daban a tebur ɗaya.

HALAL DA HARAM

Ga Musulmi wannan shi ne babban al'amari, kuma babu littafin da zai warware masa shi. Girkin Faransa ya ginu ne a kan man shanu, da romo, da giyar inabi, da kuma alade, kuma sau da yawa biyun ƙarshen ba su fitowa a sunan abincin. Ana iya kawo kifi, ashe miyarsa da farar giya aka haɗa ta. Ana iya kawo wake ko ganye, ashe an soya shi da gutsattsarin naman alade.

Ga kaɗan daga kalmomin da ya kamata a kiyaye. "Porc", "lard", "lardons" da "jambon" duk alade ne. "Boudin noir" jini ne aka cusa a hanji. "Vin" giyar inabi ce, don haka "coq au vin" zakara ne da aka dafa a cikinta, haka ma naman shanun da a ke kira "bourguignon". A kayan zaƙi ma ba a tsira ba: "baba au rhum" a barasa a ke jiƙa shi, kuma abin da a ke daskarar da wasu kayan zaƙin da shi, watau "gélatine", sau da yawa daga alade a ke samunsa.

In an yi magana, wani ma'aikacin zai ce ai giyar ta ƙone a wuta. Gaskiyar magana ita ce dafuwa tana rage ta, amma ba kullum ta ke kawar da ita duka ba. Game da naman shanu da rago da kaza kuma, a yawancin manyan gidajen ba yankan Musulunci ba ne. Malamai sun yi bayani a kan yankan Ahlul Kitabi, kuma ya kamata mutum ya tambayi malaminsa tun yana gida, kada sai an ajiye faranti a gabansa. Wanda ke son kauce wa shakka gaba ɗaya, kifi da ganye sun ishe shi, kuma a Faransa ba a raina su. Alain Passard, wanda gidansa L'Arpège ya sami taurari uku a 1996, ya ba mutane mamaki cikin 2001 sa'ad da ya janye jan nama daga jerin abincinsa ya mai da hankali kan kayan lambu, kuma wannan bai sa ya rasa taurarinsa ba a lokacin.

Dokar Turai ta tilasta wa gidajen abinci su sanar da abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, kamar gyaɗa da madara da ƙwai. Amma alade da barasa ba su cikin wannan lissafi, saboda haka sai mutum ya buɗe baki ya faɗa. Kalmomin kuwa gajeru ne: "sans porc, sans alcool", watau ban da alade, ban da barasa. Ko wanda ba Musulmi ba, in bai saba da dodon koɗi ko cinyar kwaɗo ko ɗanyen nama ba, ya kamata ya faɗa. Faransawa sun fi son nama da sauran ja a cikinsa, don haka mai son ya dahu sosai sai ya ce "bien cuit".

A TAMBAYA TUN DA WURI

Matambayi ba ya ɓata. Duk abin da aka lissafa a sama, lokacin kama tebur a ke warware shi, ba ranar liyafa ba. Manyan gidajen su kan cika makonni kafin rana, waɗanda suka fi shahara ma watanni. Da yawa su kan rufe Asabar da Lahadi, wasu Lahadi da Litinin, kuma cikin watan Agusta, lokacin da Faransawa ke tafiya hutu, ba kaɗan ne ke kulle ƙofa na makonni ba. Abincin rana daga sha biyu ne zuwa wajen biyu, na dare kuwa ba a farawa sai bakwai da rabi ko takwas.

Mai kama tebur ya faɗi yawan mutanensa, da dalilin murnar, da abin da ba su ci. Babban kicin ya fi son a gaya masa kwana biyu ko uku kafin rana, domin romo da miya tun da safe a ke haɗa su, wasu ma tun jiya. In an sanar da wuri, kuku zai shirya wani abu na daban mai kyau. In kuwa sai an zauna aka faɗa, sai dai a tsame abin da za a iya tsamewa a kawo saura. Yadda gida ya amsa wannan roƙo ma ma'auni ne. Wanda ya saurara ya yi tambaya ya rubuta, gidan zuwa ne. Wanda ya nuna ƙosawa tun a waya, kome taurarinsa, a nemi wani.

Ya kamata kuma a tambayi maganar tufafi, domin wasu gidajen suna bukatar namiji ya sa kwat, kuma mai niyyar zuwa da babbar riga gara ya ji daga bakinsu tun da wuri. Yawancinsu su kan karɓi lambar katin banki a matsayin kafin alƙalami, in mutum bai zo ba kuma bai sanar ba, a cire masa kuɗi mai yawa. Lokaci kuwa lokaci ne. Wanda ya kama tebur ƙarfe takwas ya iso tara, mai yiwuwa ya tarar an ba wani. Ya kyautu mai gayya ya ja kunnen baƙinsa a kan wannan.

In an zauna, ba a tafa hannu ko a ɗaga murya don kiran ma'aikaci. Haɗa ido ya isa, ko a ce "Monsieur" ko "Madame". Ba a kawo takardar lissafi sai an nema, domin a wurinsu kawo ta ba a tambaya ba kamar korar baƙo ne. Mai gayyar da ba ya son baƙinsa su ga abin da ya kashe, sai ya tashi kamar zai wanke hannu, ya je ya biya a keɓe.

Wanda ya bi waɗannan matakai, ko a gida mai taurari uku ya yi liyafarsa, ko a wanda ba shi da ko ɗaya, baƙinsa za su tashi da farin ciki, shi kuma ya koma masauki da sauran kuɗin jirgi, bai kuwa sa wa cikinsa abin da zai yi da-na-sani ba. Ko a La Tour d'Argent ɗin ma ana dafa kifi, kuma tagar da ke kallon kogin ɗaya ce ga wanda ya ci agwagwa da wanda bai ci ba. Sai dai shi ba zai koma gida da kati mai lamba ba.